Wadda take tashin mijina sahur a jirgin ƙanƙara

Saƙo daga wata 'yar uwa, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum mutanen wannan guruf. Admin Allah ya saka da alheri, ka taimaka ka cire lambata kafin ka tura, akwai waɗanda suka san ni a nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara rubuta "ki yi haƙuri", domin haƙurin na yi shi har na gaji. Kishi ne yake cina, kuma na rasa wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba.

Ni 'yar Zariya ce, muna zaune a Dubai, unguwar Abu Hail, da mijina da 'yarmu guda, Hanifa. Ina aiki a wani kemis a nan Deira. Shi Abban Hanifa mai gyaran wuta ne, da a wani otal yake a nan kusa da mu, ta wajen unguwar Port Saeed, sai Allah ya kawo masa aiki a jirgin ruwan da yake kai Turawa masu kuɗi yawon buɗe ido wajen ƙanƙara. Wani sashe na shekara suna can gaba da Norway ta arewa, wani sashen kuma su gangara kudu, Antaktika. Ni dai har yau ban gane dalilin da zai sa mutum ya bar gidansa mai ɗumi ya biya kuɗi ya je ya zauna a firiza ba, amma tunda abincinmu a can yake, na yi masa addu'a, na daka masa yaji, na haɗa masa kuka da daddawa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, na raka shi filin jirgi.

In kun ga hotunan da yake turowa sai ku ce hutu ya tafi, ga duwatsun ƙanƙara, ga ruwa shuɗi, ga manyan kifayen nan masu fesa ruwa ta ka. Amma shi ɗakinsa can ƙasa yake kusa da inji, babu ko taga, gado sama da ƙasa, shi da wani ɗan Filifin mai minshari. Fasinjoji suna sama ana ba su shayi suna leƙen farin beyar da madubin hange, shi yana ƙasa da sukundireba yana bin wayoyi. Abincin ma'aikata daban yake, kullum sai ya tambaya ko da alade a ciki. Ran da teku ta tashi kuwa, ya ce har kujeru ɗaure su ake yi, mutum ya tokare kansa da filo kada ya faɗo daga gado. Ga shi duk jirgin babu mai jin Hausa, ya ce wani lokaci shi kaɗai yake hira da kansa don kada bakinsa ya yi tsami. Wallahi a lokacin tausayinsa kawai nake ji, har addu'a nake Allah ya haɗa shi da ɗan gida. Ban san abin da nake roƙo wa kaina ba.

Matsalar ta fara ne da azumin bara. Azumi ya same su a arewa, kuma a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa a can, sam. Tana sama safe, tana sama tsakar dare, sai dai ta yi ta zagaye. Ya tambayi malami aka ce ya bi lokacin Makka wajen sahur da buɗa-baki, to shi ke nan, agogo ya zama alfijirinsa. Sai dai ku san wane ne mijina. Abban Hanifa in ya yi barci, ko gidan za a ɗauke bai sani ba, alam ɗin waya sai ya yi ta kuka har ya gaji ya yi shiru. Tunda muka yi aure ni nake tashinsa sahur, ban taɓa fashi ba, ko ranar da nake fama da cikin Hanifa. In na kira sunansa bai motsa ba in ja masa ɗan yatsan ƙafa, ya tashi yana ƙunƙuni ina masa dariya. Wasu za su ce wannan ai ba komai ba ne. A wurina komai ne, nawa ne, babu wanda ya taɓa tarayya da ni a ciki.

Da ya tafi sai muka shirya zan riƙa kiransa ta intanet, tunda in na idar da asuba a nan, daidai lokacin da ya kamata ya tashi ke nan a can. Kun san yadda kiran intanet yake da wuyar shiga a ƙasar nan, ku haɗa da netwok ɗin jirgi a tsakiyar teku. Wata rana ya shiga, wata rana in yi ta kira har gari ya waye mini ina kuka a kan sallaya. Ana cikin haka sai ya turo mini saƙon murya yana murna, wai in daina wahalar da kaina, ya sami 'yar gida a jirgi. Wai ya je gyaran wani murhu a kicin, ƙarfe ya ƙone shi ya ce wayyo Allah, sai ya ji daga bayansa an ce sannu. Mu kira ta Rifkatu. 'Yar Jos ce, Kirista, tana da mijinta da 'ya'yanta a gida, ta ɗan girme mu, ita ce mai gasa burodin jirgin. Da yake aikinta tun kafin kowa ya tashi take farawa, sai ta ce za ta riƙa buga masa wayar ɗaki, in bai ɗauka ba ta sauko ta buga ƙofa har sai ya amsa.

Na ce masa Allah ya saka mata da alheri. Bakina ne ya faɗa, cikina kuwa wuta. Daga ranar kowane saƙonsa da sunanta a ciki. Yaya Rifkatu ta dama kunu, Yaya Rifkatu ta yi masa miyar kuka, Yaya Rifkatu ta ajiye masa burodi mai zafi na buɗa-baki. Miyar kukar da me? Da kukata da daddawata da yajin da na daka da hannuna har tafina ya yi bororo! Na ce ya turo mini hotonta, ya turo, suna atisayen ceton rai a saman jirgi, tana cikin wata ƙatuwar rigar sanyi kamar buhun gero, ido kawai ake gani. Na ƙara girman hoton nan har ya dushe ban gano komai ba. Ku fahimce ni, ban taɓa kama shi da wani abu ba, kuma ba na zarginsa da alfasha, na san wanda na aura. Amma a ce muryar da mijina yake fara ji kullum a watan azumi ta wata ce, wannan ya tsaya mini a wuya.

Da ya dawo hutu bayan an gama yawon arewa, ya dawo da gashi cunkus a ka, mutumin da kullum tal-kwabo yake yi. Na tsokane shi ya ce saboda sanyi ne, kuma ya ƙi askewa. Na dama masa kunun gyaɗa da tsamiya yadda yake so tun yana saurayi, ya kurɓa ya ce ya yi daɗi, amma in gwada matsa lemon tsami wata rana, haka suke yi a jirgi. Suke yi! Ajiye ludayin na yi na ce ya ɗauki kofin ya koma jirgin a matsa masa. Ya ce ba ni da godiya, mace ta taimaki mijina a inda ba shi da kowa ina jin haushinta. Na ce wa ya aike ta. Ya ce khalas, shi ke nan, ba zai sake ambaton ta ba, kuma bai sake ba. Sai shirun ya fi maganar ciwo, don yanzu in yana ba Hanifa labarin manyan kifayen nan masu fesa ruwa, ina jin inda yake tsallake suna. Haka ya koma aka yi na kudu, muna waya lafiya lau, kowa yana kewaye zancen.

Yanzu ya sake dawowa, kuma ya riga ya sa hannu a sabon kwantiragi, zai koma arewa kuma azumin bana ma a can zai same shi. Satin da ya wuce ya same ni yana sosa ƙeya, wai Yaya Rifkatu za ta biyo ta Dubai daga Najeriya, za ta sayi kaya a shagunan unguwar Satwa kafin ta wuce, kuma ta ce tana so ta zo ta gaishe ni. Na ce ta zo mana, gidan ai ba a rufe yake ba. Ranar na yi girki kamar za a ba ni maki, na sha lalle, na ɗauko leshin da nake ajiya. Sai ga mata ta shigo, gajeruwa, baƙa, fara'a har kunne, ta rungume ni tana cewa amaryarmu, yau ga ni ga mai yajin nan da ya hana 'yan Filifin barci. Ta kawo wa Hanifa 'yar tsana, ni ta kawo mini acca da dankalin Jos. Na so in sami abin ƙi a jikinta, wallahi na nema, ban samu ba, kuma wannan ma haushi ya ba ni.

Bayan sun ci abinci ya fita masallaci, ta bi ni kicin ta karɓe soso wai sai ta yi wanke-wanke. Muna cikin yi ta ce, "Maman Hanifa, yaya kan nasa, ya daina sara masa in ya sha rana?" Na ce wane kai. Ta tsaya da kwano a hannu tana kallona, nan ta gane ban sani ba. Na matsa mata har ta faɗa. Ashe a farkon azumin bara, a ranakun da kirana bai shiga ba, ya yi ta ɗaukar azumi babu sahur a jere, ga zafin ɗakin inji, sai jiri ya kwashe shi a kan tsani ya faɗo ya fasa kai. Likitan jirgi ya ɗinke shi, shugabansa ya ce in aka sake haka, ko ya bar azumi a jirgi ko ya bar jirgin. Kun ji dalilin gashin. Ta ce tun ranar da ta ga jininsa a ƙasa ta ɗau alkawari ba zai sake ɗaukar azumi babu sahur ba tana jirgin. Ni matarsa ina nan ina masa tsiyar gashi, wata ce ta riƙe masa kai aka ɗinke. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka na ƙoshi.

Da na fito sai ta riƙe hannuna ta ce ita ma mace ce, tun daga ƙofa ta karanci fuskata, kuma da ita ce a matsayina ba za ta ji daɗi ba. Ta ce kamfani ya ba ta zaɓi, ko ta koma jirginsu, ko ta tafi wani jirgin nasu da yake yawo a ƙasashen ɗumi, albashi ɗaya, kuma ba ta ba su amsa ba tukuna. Ta ce, "Ke za ki zaɓa mini. In kin ce in canza zan canza, ba zai taɓa sanin daga ina ta fito ba, kuma ba zan riƙe ki a rai ba." Ta ba ni lambarta, ta ce kafin ƙarshen satin nan kamfani suke son ji.

'Yan uwa tun ranar ban sami natsuwa ba. Shi ban nuna masa na san zancen kan ba, sai dai da ya yi barcin rana na lalubi cikin gashin, na ji tabon da yatsana, dogo ne. Na tambaye shi a fakaice ko akwai wani Musulmi a jirgin da za su riƙa tashin juna, ya ce akwai wani ɗan Indunusiya da, amma ya bar aiki. Na ce ɗan Filifin ɗin ɗakinsu fa, ya yi dariya ya ce wannan ai shi ma sai an tashe shi. Na ce to ya haƙura da tafiyar, ya ce aikin otal ɗin an daɗe da ba wani, kuma bizarmu ma ba tsayayya ba ce da zai zauna yana jiran wani aikin. Na san halinsa, ko za a yanka shi ba zai sha azumi ya ce zai rama ba, haka zai ɗauka cikinsa wayam ya hau tsani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata cewa take ta canza. Ina jin haushin kirkinta, ina jin haushin yadda ta san abin da ban sani ba a jikin mijina, ina jin haushin ma da ta zo ta ɗora mini wannan zaɓin ta tafi da hannunta fes. In na ce ta zauna, wata guda zan yi ina idar da asuba ina kallon agogo, na san yanzu tana buga masa ƙofa yana amsa mata da muryar barcin da ni kaɗai na sani. In na ce ta tafi, ƙofar nan babu mai buga ta, kuma ni ce na sa.

Matan da mazajensu suke aikin nesa, da ku maza, da malaman cikinmu, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi. Na rubuta mata "ki canza" na goge, na rubuta "ki zauna" na kasa turawa. Ita tana can tana jiran kalma ɗaya daga wurina, shi kuma yana falo yana gwada safar sanyi, bai san komai ba. Me zan ce mata?