Tsagar Soron Inna

Konni, daren Laraba, watan shidda, 1992

Bayana ciwo yake, kuma aikin bai yiwu ba. Tun asuba munka kwaɓa ƙasa, ni da magini, don mu yaɓe tsagar da ke bangon soron Inna kafin ruwa ya sauka. Muna cikin aiki sai ga Sani ɗan ƙanwata da anasaru uku, Turawa 'yan yawon buɗe ido, wai yana zagayawa da su tsohon gari. Sun ga ragowar ganuwa, sun ga tsohon masallaci, saura gidanmu da kakanmu ya gina.

Ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, don Allah ku dakata. Hoton tsagar nan suke so, in kun rufe ta ba abin kallo." Ya sa anka ɓoye bokitin roba. Har agogona ya ce in cire. Abin da ke cina ke nan: yaron da ya tashi a hannuna ya ce in cire, ni kuwa na cire.

Sunka zauna jiran rana ta juya don hoto ya yi kyau. Kafin su gama ƙasa ta bushe, magini ya wanke hannu ya tafi ƙauyen Bazaga, sai wani sati.

Da za su tafi, macen cikinsu ta shafa bangon, wai kada mu taɓa shi, haka ya fi kyau. Ai ba ita ke kwana ciki ba.

Yanzu ga hadari ya haɗu a gabas. Na jawo gadon Inna tsakiyar ɗaki. Ta tambaye ni ko baƙin sun ji daɗi. Na ce sun ji.