Gabar Masu Baki Da Yawa

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Ƙulin ƙulifita! Maƙwabta biyu, kowa da baki fiye da ashirin, igiya ɗaya ta ɗaure su, amma ko sallama ba sa yi wa juna. Su waye, me ya haɗa su? In kin kasa ki ba ni gari.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taki, ya yara, ya malam da tarinsa? Ki yi haƙuri da rubutun nan kamar tafiyar kaza, da ido ɗaya nake yi, a kan bencin asibiti. Na zauna, na tashi, na leƙa ƙofa, na dawo, har mai shara ta tambaye ni ko ƙaya ce a bencin.

Kin san yanar idona na hagu. Likitan da zai cire ta baƙo ne, gobe zai tafi, kuma an ce in aka ƙara jinkiri idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Tun shekaranjiya aka sa ni a layi, sai ga shi kwamfutarsa ta ƙi buɗe hoton idona. Ya ce shi ba ya yanka abin da bai gani ba. Na ce wa ya jawo wannan? Aka ce masu gyaran na'ura. Autar Inna, wa kike tsammani? Mijina na kaina, jikan nan nawa mai kunnen zomo, wanda na yi ta yi wa maƙwabta fariya da aikinsa!

Na lallaɓa har ɗakinsu na ƙasa. Sanyi kamar cikin firji, ga ƙugi, ga wayoyi sirara sun zubo kamar gashin da aka tsefe. Na ce masa lallai ka cika miji, ka makantar da ni don kada in ga muninka. Bai ko yi dariya ba. Idonsa ja, rigar jiya ce a jikinsa. Sai na bar wasan.

Ya nuna min. Wai hotunan marasa lafiya duk suna cikin wani babban rumbu, kwamfutoci kuma sai sun bi ta wani akwati mai suna suwic kafin su kai can. Tsohon ya cika, suka kawo sabo suka jona su, suka mai da wayar ɓangaren ido kan sabon. Ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita gudunsu, ya gaya wa kowace wanda aka yarda ta gani, kamar mai rabon ɗaki a gidan haya. Ya canza waya, ya goge bakinta, ya zargi kowa har da ni, wai in daina jingina da ƙarfen. Duk da haka fitilar wayar da ke tsakanin tsohon da sabon ta ƙi zama kore.

Ɗazu ya hauro da gudu, har da tuntuɓe. Ya ce Kaka na gano, ki ba ni ɗan lokaci in tsayar da sabon in gyara. Na ce in ka sake ɓatawa, na sake ka saki uku. Ya ce ai miji ke saki. Na ce yau dai an juya.

Tun da ya sauka nake ta leƙa ƙofa. Ba na ɓoye miki, tsoro nake ji. In hoton bai buɗe ba idona ya tafi, in ya buɗe sai wuƙa. Shi kuma yaron, shugabansa na tsaye a kansa.

Ga nas nan ta leƙo, ta ce hoto ya fito, in cire ɗankunne in biyo ta. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Yaya Babba

Af, garin naki na karɓa. Suwic biyu ne, tsoho da sabo. Ga abin da yaron ya ce ya gano: tsohon lambarsa ɗaya, sabon ma da lamba ɗaya ya zo, aka manta ba a canza ba. Su kuwa in lambarsu ta zo ɗaya, ba sa magana da juna.