Tirelar Jirgi Mai Ciki Biyu

Yaya Muntasir,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Umma? Yaya mutanen Yauri?

Ni lafiya lau a nan ƙasar waje, kada ku damu. Tunda korona ta rufe makaranta, mai gidan hayarmu ya sa ni haɗa wa jirgin ruwansa tirela a garejinsa, wato amalanken da mota za ta ja jirgin a kai. Jirgin kamar kwalekwale biyu ne a haɗe. Ni kuwa na kafa katako ɗaya a tsakiya, yadda muke ɗora namu kwalekwalen kan amalanke. Da na auna, katakon ko taɓa jirgin ba zai yi ba, don tsakanin kwalekwalen biyu fili ne!

Na tuntsire da dariya, na waiwaya in nuna maka. Ashe ni kaɗai ne a garejin.

Ka turo mini hoton kogi. Allah ya sada mu.

Ƙaninka Sirajo,
Sri Petaling