Hatsin da Ya Tsiro a Gurbin Rumfarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hassi ma'auniya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa, ita kuwa ba ta jin magani. Wata tara ke nan da rasuwarki, amma har yau in na dawo daga aiki bakina kan riga ni, in yi sallama a ƙofar ɗakinki.

Labari na zo miki da shi, kuma gara ki ji daga bakina. An tashi kasuwa, Inna. Konseye, wato kansilolin gari, sun zauna sun yanke cewa za a gina sabuwar meri, ofishin magajin gari, a filin tsohuwar kasuwa, a faɗaɗa hanyar da ta ratsa tsakiyar gari, a mai da tasha bakin titin Agiye. Ba zan ce miki ba a bukata ba. Kin san tsohon ginin, in damina ta kama da leda muke rufe takardun haihuwa. Sai dai takardar da aka manna a jikin itacen bedin bakin kasuwa, mai cewa kowa ya kwashe rumfarsa, ni na buga ta da yatsuna. Ke kika yi ta awo kika sa ni lakol na yi boko har na zama sakatariya a meri, ga shi ni ce na rubuta tashin rumfarki. Ranar nan sau biyu ina goge gilashin ordinatar, kwamfutar aikina, ina zaton shi ne ya yi dishi-dishi.

Ina tuna ki ranar kasuwa, tun kafin amalanken jakai su iso daga Sae Sabuwa kin riga kin share wurinki. Ki zauna bisa buhu, ki cika tiya, ki tara mata kai, ki rungume bakinta da damtse yadda mai saye zai tafi yana murmushi. Abu ɗaya ke ɓata mini rai. Kowace ma'auniya na shimfiɗa tabarma faɗi-faɗi don ta tare abin da ya zube. Taki kullum gajera ce ta hannun hagu, kuma ta nan ɗin hatsin ke zuba cikin yashi.

Ni kuwa 'yar lakol, sabuwar shiga lissafi, ba ranar da ban yi miki wa'azin asara ba. Amsarki ɗaya ce: "Hannuna ne ke rawa, Rabi, tsufa ne." Hannun da ke zura zare a allura ba tare da madubi ba. Da na fara aiki na sayo miki babbar tabarma daga Cadawa, ina jin na kashe bakin magana. Kika sa mini albarka, kika naɗe ta, kika kai ta ɗaki, wai ta baƙi ce.

In kasuwa ta watse da la'asar, sai Gambo ta zo da rariya da 'yar ƙwaryarta. Gambo sa'arki, wadda kuka yi tashen 'yan mata tare, mijinta ya rasu, ɗanta guda ya bi shi. Takan durƙusa daidai hagun rumfarki ta tankaɗe yashi, tana cewa kajinta take tsintar wa. Duk unguwa an san Gambo ba ta da ko ɗan tsako. An kuma san ba ta karɓar sadaka, don an taɓa aika mata zakka a gaban mutane, ta mayar da ita kafin ɗan aiken ya kai gida. Ke kuwa da kin hango ta tafe, sai salla ta tashi miki. Ki juya baya, ki yi ta jan carbi har ta gama.

Bana, bayan an kwashe rumfuna, aka kewaye filin da waya. Ruwa ya sauka sau uku, babu ƙafar da ta taka wurin. Magajin gari ya aike ni in kai wa shugaban magina wasu takardu, sai na ratsa ta layin ma'auna. Hatsi ya tsiro a wurin jefi-jefi, nan ƙwara, can ƙwara. Amma a gurbin rumfarki, ta hannun hagu, ya fito cunkus, kore shar, ba inda za a sa yatsa. Na auna shi da ido. Faɗinsa daidai faɗin tabarmar da kika ƙi shimfiɗawa.

Nan na tsaya da takardun mutane a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Shekara nawa ina zaune kusa da ke ina ƙorafi, ashe ni ce ban iya lissafi ba. Kin ciyar da ƙawarki har kika koma ga Allah, ba ki taɓa miƙa mata komai ba, ita ma ba ta taɓa yi miki godiya ba. Na yi kuka, Inna, irin wanda ban yi ba ko ranar uku.

Sabuwar kasuwa ta yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Rufin kwano, ƙasa daɓen siminti, ruwan sama ba ya korar kowa. Sai dai siminti ba ya riƙe wa kowa komai. Abin da ya zube, tsintsiya ɗaya ya koma buhun mai shi. An ce Gambo ta je da rariyarta sau biyu, daga nan ba a sake ganin ta ba. Na haɗu da ita a bakin famfo, na ga zanenta ya zagaye ta fiye da yadda na saba gani. Na yi niyyar in ɗauki hatsi in kai mata, amma na san zai riga ni dawowa gida. Na yi ta juya abin a raina, ina cewa da kina nan da na tambaye ki.

Ranar kasuwar da ta wuce na sayi tiya huɗu, na biya ta gidanta. Na ce mata ni 'yar boko ce, ban iya bakace ba, ta ara mini faifai ta nuna mini yadda kike yi. Tsakar gidanta yashi ne, sai da na duba tun daga ƙofa. Na zauna na ɗauki faifai. Inna, hannuna ya yi rawa, ta hagu.

Gambo ta dubi ƙasa, ta dube ni. Can ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce: "Wannan ciwon naku na gado ne, ba shi da magani." Ta tashi wai za ta yi alwala, ta ba ni baya, ni kuma na kwashe sauran na fito. Mun yi da ita kowace kasuwa zan koma, domin har yanzu ban iya ba.

Litinin za a fara haƙa tushen ginin. Ban tambayi wane buro ne cikin ofisoshin zai hau bisa wurinki ba, ba na son in sani. Hatsin ma ba zai kai ga fidda kai ba. Ya dai tsaya har na gan shi, na gode wa Allah.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Kowace ƙwayar da kika zubar a yashin nan, Allah Ya tsince miki ita, Ya auna miki da babbar tiya, Ya tara mata kai. Ya haɗa mu a inda ba a tashin kowa.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi