Shida da Bakwai a Fuskar Illo

Tungar Aduwa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Maijidda, a Isa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki, da Gwaggo da ke riƙonki. Waya har yau ba ta kamawa nan, shi yas sa nib ba Kamalu mai babur wagga takarda.

Yaya, garinmu ya canza tun tafiyarki. Kin san shekara ukku mutanen daji na kora mu gonakinsu da bakin bindiga, mu yi musu noma, suna kiranmu bayi. Bana da gero yan nuna sunka aiko a zo girbi. Abdurra'uf ɗan liman yat tashi a masallaci yac ce ba mai zuwa. Ba wanda yaj je. Munka yi ganuwar ƙasa, munka tsaya bayanta kwana tara. Sun zo sau biyu, sun koma. Ban taɓa jin kaina mutum ba kamar wannan makon, wanga ba za ni ɓoye miki ba.

Sai Abdurra'uf yac ce mu Gobirawa na, jikokin mayaƙa, mun bar tsagarmu shi yas sa anka raina mu. Kowane namiji shi yi tsaga irin ta kakanni, shida a kunci guda, bakwai a guda. Wanzamin gari kuwa ni na. Nif fiddo zabirar Baba, nij je nid duba fuskar tsoho Maigari da kyau, don ni ban taɓa yi ba, tun kafin a haife ni anka daina. Yanzu gardawa masu gemu na zama gabana suna cije baki. 'Yan Tsaga aka ce muna har kasuwar Gangara.

Ga inda maganar tat taɓa ki. Su Abdurra'uf sun sa doka, duk namijin da bai da tsaga nan da Juma'a biyu shi bar gari. Mijinki Illo na ciki. Na tuna musu nan anka haife shi, shanunshi anka fara korewa, kuma shi yaf fi kowa ɗaukar ƙasa ran ganuwa. Sunka ce Bafillace na, doka kuwa ta kowa ta. Illo dai sai shafa fuska shika yi.

Ki gaida Gwaggo. Ƙanenki, Halliru.

Isa, ranar Laraba

Halliru,

Na ga takarda, lafiya lau muke, ƙafafu dai sun kumbura.

Mi kake jira? Ka zaunar da shi ka yi mai. Wata huɗu ina kwana ɗakin Gwaggo tare da buhunnan albasa. In na haihu ɗakina nika son komawa, ba wani gari ba. Ka ce ma Illo ni nic ce. Na san abin da ka damunai, wai kowa na cewa fuskar babanai gare shi, kuma ba su da hoton tsohon. To tsohon ya rasu, mu muna nan da rai. Layi goma sha ukku na, ba yanka wuya ba. In shina son ɗanshi shi tashi gidan da yag gina, shi zauna.

Ka yi mai a hankali, hannunka na da nauyi.

Yayarka, Maijidda.

Tungar Aduwa, ranar Assabar

Zuwa ga Yaya Maijidda.

Bayan gaisuwa, Allah shi sauke ki lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na karanta ma Illo takardarki sau biyu. Ran Litinin da hantsi yaz zo da kainai, yaz zauna kan turmi. Yac ce, «Ƙanen mata, yau dai ka samu abin da kake nema, ka kama Bafillace da aska a hannu.» Nic ce in ya motsa za ni ƙara mai layi guda kyauta. Yay yi dariya. Kafin in fara yar roƙi madubina, yad daɗe shina kallo, kana yak kife shi ƙasa. Bai motsa ba har nig gama, ko tsaki bai yi ba. Duk garin ga ba wanda tashi taf fi kyau, don a kanshi hannuna ya riga ya faɗa.

Jiya bayan Juma'a anka jera maza gindin aduwa, Abdurra'uf na bi shina dubawa. Da yak kai ga Illo yat tsaya. Yak kama haɓarshi yaj juya ta dama, yaj juya ta hagu, kamar mai tayin rago. Yac ce, «Halliru, aikinka ya yi kyau. Amma wagga fata ka yanka, jinin fa?» Wani daga baya yac ce ai yanzu ya fi haɗari, tunda shina iya shiga cikinmu ba a gane shi. Nic ce tawa ma sati biyu gare ta, ta Abdurra'uf sati ukku, duk sabbi na, ni niy yi su da aska guda. Yac ce mu maido da tamu munka yi, shi ko ara yay yi. Ba wanda yab buɗe baki, har waɗanda Illo yar riƙa ba nono kyauta da azumi. Maigari yad dubi ƙasa.

Sun ba shi kwana huɗu.

Ga sauran. Mutanen daji sun ji labarin tsaga. Yanzu in sun tare hanya ba su tambayar suna, fuska suka dubawa. Ran kasuwar Bafarawa sun sauke mutum biyu namu daga babur, sun bar marasa tsaga sun wuce. Biyun gawarsu anka kawo a amalanke. Da can Illo kan bi wagga hanya, shi yi musu fillanci su ƙyale shi. Yanzu da fuskar da niy yi mai ba shi kaiwa Isa.

Na koma wurin Abdurra'uf ni kaɗai, na yi haƙuri na yi magana a hankali yadda kin san ni. Yac ce in ya buɗe ƙofa ga guda, gobe goma za su zo, kuma mu koma girbin gonar wasu. Ba mugu na ba, Yaya, ƙannenai biyu anka kashe a gonar mutanen daji. Amma kallon da yay yi ma Illo, na taɓa ganin irinai, ran da anka jera mu a gonar daji ana zaɓen masu ƙarfi.

Illo na ɗakina, kumburin bai sauka ba. Ba ya iya tauna, sai kunu.

Ƙanenki, Halliru.

Isa, ranar Talata

Halliru,

Na sauka jiya da safe, namiji. Lafiya lau.

An karanta min takardarka, don idona bai iya ba. Ni nis sa shi, kai kay yanka, to wa za ni zagi? Ina Illo? Ka faɗa min ko mi na. Kamalu ya ƙi dubana, ya aje takarda ya tafi.

Gwaggo ta ce a yi ma jinjirin tsaga ran suna, tun shina ɗanye, ta girma da shi, kada wani shi ce mai ara yay yi. Ka zo da zabira ran Litinin.

Maijidda.

Tungar Aduwa, ranar Alhamis

Yaya, barka da arziki, Allah shi raya.

Illo ya fita ran Talata bayan sallar safe, ya naɗe fuska da rawani, ya yi arewa wajen rugar kawunnai kusa da iyaka. Na raka shi har ganuwa, masu gadi sunka buɗe mai ba wanda yac ce sai wata rana. Har yau ba labari. Na tambayi duk mai babur da yash shigo.

Takardarki ta iso bayan tafiyarshi, bai san namiji na ba. Amma ya bar saƙo. In namiji na a sa mai sunan babanai, Abu. Kuma yac ce in na je in duba mai da kyau ko yaron ya ɗauko fuskar tsohon, tunda tashi ta tafi.

Za ni zo ran Litinin in Allah ya so, in hanya ta bar ni da wagga fuska tawa. Askar aski kaɗai za ni riƙo. Ki faɗa ma Gwaggo.

Ƙanenki, Halliru.