Fiyanon Ɗan'auta da Lasifikar Shago

Gidan Buwai, ta Makoda,
12 ga Mayu, 1996.

Zuwa ga Yaya Nababa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maijidda da yara. Mu nan da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi. An yi ruwan shuka, taki kuwa sai labarinsa, mota kuma sau ɗaya take shigowa a mako saboda rashin mai.

Kwana arba'in ke nan da direba ya sauke mana fiyanon Ɗan'auta, abin kiɗan nan nasa mai batir, a bakin hanya, naɗe cikin bargonsa, tare da 'yar takardarka mai layi huɗu. Sanƙarau ne, an binne shi a Kaduna, ga kayansa. Haka na yi wa Baba ihun ta a kunne, kalma bayan kalma. Tun ranar bai sake ambaton sunanka ba, ni ma ba don dole ba da ban rubuto maka ba.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci na buɗe bargon zan kakkaɓe, hannuna ya taɓa wani koren maɓalli, sai abin ya fara kiɗa shi kaɗai. Gwaggo Hure ta watsar da ƙwaryar hannunta ta yi waje. Ni na kasa motsi, domin taken Baba ne, wanda yake kaɗa wa 'yan gayya da gangar noma tun muna yara, kafin kunnensa ya mutu. Ɗan'auta ne ya buga shi ya ajiye a ciki. Har wurin da ya yi kuskure ya koma baya yana nan, na gane hannunsa kamar yadda zan gane tafiyarsa a bayan danga.

Na yi wa Baba bayani, ya kara kunnensa a jikin 'yan ramukan da sautin ke fita. Ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce bai ji komai ba. Ka san yanzu in ba tsawa ba, babu abin da yake shiga kunnen nan. Kullum da safe sai ya ce in sake gwadawa, kullum sai in ga fuskarsa ta faɗi.

Shago mai tallan maganin ciwon baya a kasuwar Makoda yana da amfilifaya, injin nan mai ƙara sauti, da babban akwatin lasifika, batir ɗin mota yake sa musu. Ya yarda zai ara mana, ya ce Baba ya sha kaɗa wa gonar ubansa. Sai dai bai san yadda ake haɗa su da fiyano ba, yana tsoron kada a ƙone masa abin cin abincinsa. Kai ne mai gyaran rediyo. Ka rubuto yadda ake yi, dalla-dalla, kada ka yi mini layi huɗu.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Maryam.

Kaduna,
26 ga Mayu, 1996.

Zuwa ga ƙanwata Maryam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta same ni, na karanta na fahimta.

Na ba direba waya mai kai biyu, a cikin ambulan. Ki duba bayan fiyanon, akwai rami mai hoton abin sawa a kunne. Nan za ki sa babban kan. Ɗaya kan ki sa a amfilifaya, amma ba a ramin da Shago yake sa makirfo ba, na gefensa. Kafin a kunna komai, a murɗe ƙarar duka biyun zuwa ƙasa. A fara kunna fiyano, sannan amfilifaya, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan kin sa wayar kika ji fiyanon ya yi shiru, kada ki tsorata, sautin ne ya koma babban akwati. A zaunar da Baba dab da shi.

Idan kayan Shago tsoho ne, wataƙila in an ƙure ƙara ya riƙa gurnani yana bugawa. Cuta ce da na sani, wani ɗan abu ne a ciki kamar ƙwayar gyaɗa yake bushewa. Sai a rage ƙarar.

Game da ɗaya maganar. Babu direban da ya yarda ya ɗauki gawar mai sanƙarau, na je tasha uku. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a rami. Layi huɗun nan su ne iyakar abin da hannuna ya iya rubutawa ranar. Na sha jin sa yana koyon taken a bayan shagona, yana cewa da bikin Ista zai kai wa Baba, amma ban san ya ajiye shi a ciki ba. Da na sani da na saurara kafin in naɗe.

Ki gaida Gwaggo. Baba kuma, in kin ga zai amsa.

Yayanki,
Nababa Buwai.

Gidan Buwai,
8 ga Yuni, 1996.

Yaya,

Ina gaisuwa. Waya ta iso, Allah ya saka. Na karanta maganar tasha uku, na yi kuka, kuma har yanzu ina jin haushinka. Duka biyun gaskiya ne.

Shago ya tafi zagayen kasuwanni, sai Alhamis ashirin ga wata zai kawo kayan. Baba ya gama gaya wa duk tsofaffin 'yan gayyarsa, waɗanda suka rage. Ya sa an wanke masa babbar rigarsa, wadda bai sa ba tun rasuwar Inna. Jiya na same shi yana buga cinyarsa da yatsu, abin da na manta rabon da in gani. Tsoro nake ji, Yaya, domin ya ɗora duk abin da ya rage masa a kan ranar nan.

Wani abu kuma. 'Yar jar fitilar fiyanon ta fara dusashewa, kiɗan ma yana ja kamar mai jin barci, don haka na daina kunnawa. Batir shida manya yake ci, na ga hotonsu a jikin murfin. A Makoda ko biyu ba a samu a shago ɗaya, in an samu ma ba na talaka ba ne. Gwaggo ta ce in kwantar da hankalina. Ka san ta da batir, wata shida ke nan tana raya na rediyonmu da rana, ta shanya su a kan katanga ta juya su kamar kuɓewa. Ta ce babu batir ɗin da ya fi ƙarfin ranar Makoda.

A gona muna noman farko, ni da Gwaggo da fartanya biyu. Bana babu mai kiran gayya, ba wanda yake da hatsin da zai ciyar da mutum talatin.

Ka gaida Maijidda.

Maryam.

Kaduna,
14 ga Yuni, 1996.

Maryam,

Gaisuwa. Yanzu wasiƙarki ta shigo hannuna, a tsaye nake rubuta wannan.

Kada a cire batir ɗin fiyanon. Ko ɗaya, ko na minti ɗaya. Irin wannan fiyano ba kaset ba ne. Abin da aka ajiye a cikinsa, ɗan wutar batir ɗin ce take riƙe da shi, ko yana kashe. Da zarar an zare, ya goge, kuma babu mai gyaran da zai dawo da shi. Ki hana Gwaggo. Ki ɓoye shi in ya kama.

Ya kamata in faɗi wannan tun a wasiƙar farko. Na tsaya ina lissafa miki ramuka na manta babban abu.

Ga wata waya nan na haɗa, wadda za ta ba fiyanon wuta daga batir ɗin Shago ba tare da an buɗe murfi ba. Na roƙi direba ya ba ki hannu da hannu.

Nababa.

Gidan Buwai,
25 ga Yuni, 1996.

Yaya Nababa,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya Lahadi. Direban ya ce kwana takwas motarsa ta yi a layin mai a Kano, wasiƙar tana aljihunsa. Ban zage shi ba, ba ni da ƙarfin.

Ranar Laraba, jajiberin zuwan Shago, gari ya waye tas bayan kwana uku ana hadari. Na tafi gona ni kaɗai, Gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo. Ashe rana take jira. Da na dawo da yamma ta tare ni tana murmushi, ta ja ni ɗaki ta kunna fiyanon, fitilar ta kama jawur. Ta ce tun hantsi ta ciro batir ɗin fiyanon ta jera su shida a faifai a kan katanga, tana zaune tana korar kaji, sau huɗu ta juya su. Na yi mata godiya, Yaya. Har na rungume ta. Ban danna koren maɓallin ba don kada in rage wa gobe ƙarfi.

Alhamis da hantsi Shago ya iso a keke, akwati a baya, batir a gaba. Muka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar ƙofar gida. Tsofaffi bakwai suka zo, har da Yaro makaho da jikarsa ta jawo. Baba ya fito cikin babbar riga ya zauna dab da akwatin kamar yadda ka ce. Na bi takardarka layi-layi, babban kai a ramin abin kunne, ɗaya a ramin gefe, ƙara a ƙasa. Na taɓa farin maɓalli ɗaya don gwaji, sai da awakin maƙwabta suka watse. Haɗinka bai da laifi ko kaɗan.

Sannan na danna koren. Shiru. Na sake dannawa, na kashe na kunna, na zare waya na saurari fiyanon shi kaɗai. Babu komai a ciki. Sau nawa na danna ban sani ba, sai da Shago ya riƙe mini hannu. Shi a zatonsa ƙara ce ta yi kaɗan, sai ya murɗe amfilifayar har ƙarshe. Nan akwatin ya fara gurnanin da ka faɗa, yana bugawa, dum, dum, dum, har tabarma tana rawa.

Na juya zan gaya wa Baba abin ya lalace, sai na ga ya ɗora tafukansa biyu a jikin akwatin, idonsa a rufe. Kansa ya fara kaɗawa, ƙafarsa ta dama tana bin bugun. Hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan rigar. Shago ya kai hannu zai rage, Yaro makaho, wanda ya gane komai da kunnensa, ya ce masa a hankali ya bari. Haka muka zauna, mu masu kunne muna jin kukan lalataccen inji, shi yana jin ɗansa. Tsofaffin nan duk suka sunkuyar da kai.

Da batir ya fara sanyi bugun ya tsaya, Baba ya buɗe ido ya dube ni ya ce, “Ya ɗan yi gaggawa. Amma hannun gidan nan ne.”

Sai ya tambaya wa ya aiko da wayar. Na faɗa masa a kunne. Ya ce, “Nababa.” Sau ɗaya ya faɗa, ya tashi ya shiga gida.

A lokacin ban san me ya cinye kiɗan ba, na ɗauka ni ce na danna wani abu ba daidai ba. Sai da wasiƙarka ta zo. Na karanta ta a tsakar gida, Gwaggo tana tsaye tana tambaya me ka ce. Na ce gaisuwa ce. Ba zan gaya mata ba har abada, ita ta goyi Ɗan'auta bayan Inna.

Yanzu ga inda nake. Shago ya tafi da kayansa, ya ce kuma zai kai a cire masa gurnanin nan don yana kore masa masu saye. Baba kuwa kullum da safe sai ya sa rigar ya tambaye ni yaushe za a sake sa masa. In na gaya masa gaskiya, na binne masa yaron sau biyu. In na yi shiru, ba ni da abin da zan sa masa a hannu. Taken kuma a kaina kaɗai ya rage, ni da ban iya bugawa ba. Yau a gona na nemi wurin nan da Ɗan'auta ya yi kuskure ya koma baya, na rasa ko a farko ne ko a tsakiya. Na zauna a kan kunyar gona na yi ta kuka har rana ta take.

Na gaji, Yaya. Ka gaya mini abin da zan ce masa.

Ƙanwarka,
Maryam.

Kaduna,
3 ga Yuli, 1996.

Ƙanwata Maryam,

Bayan gaisuwa. Kada ki ce masa komai, kuma ki bar Gwaggo da ladarta.

Ina da wata amfilifaya a shago, lafiyarta ƙalau. Jiya na buɗe ta na cire ɗan abin nan mai kyau, na tona kwandon shara na samo busasshe na sa mata. Shekara goma sha biyar ina cire wa mutane wannan gurnanin, jiya na wuni ina neman sa. Na samu. Na rage masa sauri kaɗan, tunda Baba ya ce an yi gaggawa.

Ba zan ba direba ba. Ranar Asabar in an samu mota zan kawo da kaina. Ki tambaye shi ko in tsaya a gindin ɗorawa, ko in shigo.

Yayanki,
Nababa.