Esi a Motar da Ta Girmi 'Ya'yana

Malam, ka taimaka mini da shawara, don na gaji da tunani, kuma a shekaruna gajiya ba ta sauka da wuri.

Ina da wata mota da na saya shekara arba'in da shida da suka wuce, shekarar da na auri mai ɗakina. Fentinta na asali ne, kujerunta ma haka. Gabanta katako ne da nake gogewa da mai duk mako. Esi, wato na'urar sanyaya iska, shi ne kawai ba ta da shi, don a zamaninmu sauke gilashi shi ne esi.

To, mai ɗakin nawa ciwon ƙoda ya kama ta. Sau biyu a mako nake kai ta asibiti wankin ƙoda. Tafiyar awa guda ce, kuma a nan ne kawai muke hira ta gaske, don gida jikoki sun cika shi. Amma idan muka shiga cunkoso da rana, motar sai ta zama tanda. Mai ɗakin nawa ba ta taɓa ƙorafi ba. Na dai lura katin asibitin ya laushi saboda fifita da shi. Na sayo 'yar fanka na maƙala, ita kuma iskar zafin take tattarowa ta watsa mata a fuska.

Yau mako uku ke nan mijin 'yarmu ke kai ta a sabuwar motarsa. Ni kuwa sai in tsaya a ƙofa ina ɗaga hannu kamar maigadi.

Na je wajen mai sa esi. Ya ce sai ya yanka katakon gaban, ya kuma cire ɗan akwatin da mai ɗakina ta saba ajiye tabarau ɗinta. Da bakanikena ya ji, wanda shekara talatin shi kaɗai ke taɓa injin, sai ya ajiye sufana. Ya ce injin ƙarami ne, lagireton da ke sanyaya shi ya tsufa, ranar da aka ɗora mata esi za ta tafasa a tsakiyar titi da marar lafiya a ciki. Ya ƙara da cewa idan aka sa mata zarto, kada in sake kawo masa ita. Tsohon nan akwai taurin kai, amma bai taɓa yi mini ƙarya a kan inji ba.

Ga ni nan. In yanka, in ɓata abin da na daɗe ina renonsa, in rasa bakanike, watakila ma ta tsaya mana a hanya. In bari, in ci gaba da ɗaga hannu a ƙofa. Ko dai tsufa ne ke sa ni ɗaukar ƙaramin abu da girma?

Mai tsohuwar mota

*

Baba, Allah ya ba Mama lafiya. Abin nan ba ƙarami ba ne, amma ba kuma yadda ka ɗaure shi yake ba.

Kowanne cikin mutanen biyu yana da rabin gaskiya. Bakanikenka ya yi daidai: tsohon inji ba ya ɗaukar sabon kaya haka kawai. Sai an fara wanke lagireto ko an sake shi da babba, an ƙara fankar lantarki, an duba ko cajin batir zai isa. Mai esi kuwa hanyar da ta fi masa sauƙi ya faɗa maka. Akwai irin esin da ake ratayawa a ƙarƙashin katakon da noti, ba sai an yanka shi ba. Ka nemi wanda ya taɓa sa wa tsohuwar mota, ka ga aikinsa da idonka. Duk abin da aka cire, a adana maka shi a kwali.

Bakanike kuma kada ka je masa da jayayya. Ka ce shi zai tsaya a kan aikin, ba a ɗaure noti sai ya yarda. Bayan an gama, ku gwada ta ku biyu da tsakar rana cikin cunkoso, sau uku, kafin Mama ta shiga. Idan allurar zafi ta hau, ka ji maganarsa ka haƙura.

Sai abin da ya fi damuna. Ka tambayi mai esi, ka tambayi bakanike, ka tambaye ni. Ita fa? Mai yiwuwa ba zafi kaɗai ya sauke ta daga motarka ba. Ta yiwu tausayinka take ji, tana ganin tuƙin ya fara yi maka nauyi. Ka tambaye ta.

Kuma kada ka jira aikin ya ƙare. Mota za ta iya yin wata guda a gareji ba abin da zai same ta. Ranakun asibitin nan kuwa ba sa dawowa. Motar surukinka tana da kujerar baya. Jibi, maimakon ɗaga hannu, ka buɗe ƙofa ka zauna kusa da ita. Yaron zai tuƙa, ku kuma ku yi hirarku.

Allah ya ƙara muku lafiya da tsawon kwana tare.